Baba Ila Ya Bi Sawun Saƙonsa

"Inna, tsaya! Kada ki zuba," in ji Malama Rahila. Ta dire bokitinta a bakin famfo, ta nufo Inna Tani da sauri. "Waɗannan ba magungunan Baba ba ne?"

Inna Tani, matar Baba Ila, ta tsaya riƙe da abin kwasar shara a bakin kwandon bola. Ga ƙwayoyi nan cikin ɓawon albasa da tokar murhu, wasu ko ɓalle su daga takardarsu ba a yi ba.

"Su ne," ta ce. Ta waiga ƙofar ɗakinsu, ta rage murya. "Shi ya ce in zubar. Ai tun kafin azumi ya daina sha."

"Ya daina? Maganin hawan jinin?"

"Har da na sugan. Wai ya samu wanda ya fi su. Ga shi can a kan wuta."

Rahila ta dubi tukunyar. Wani baƙin ruwa ne yake tafasa da sassaƙe da tafarnuwa da jar kanwa. Ta daɗe tana jin warinsa a tsakar gida, ta ɗauka maganin basir ne irin na tsofaffi, shi ya sa ba ta taɓa tambaya ba.

Gidan haya ne a Unguwar Shanu, ɗakuna a jere, famfo ɗaya, igiyar shanya ɗaya. Rahila 'yar Zonkuwa ce, malama a wata ƙaramar sakandare ta gwamnati, kuma tun tana amarya ita da mijinta Markus suka tarar da Baba Ila a ɗakin da ke jikin nasu. A gabansa ta haifi 'ya'yanta duka, shi ne ma ya kai ta asibiti a haihuwar fari. Saboda haka in ta ce masa Baba, ba baban fatar baki take nufi ba.

Shi kuwa Baba Ila Bakatsine ne, tsohon direban babbar mota, wanda ya ci hanyar Legas har hanyar ta gaji da shi. Amma ba da tuƙi aka san shi a unguwa ba, da rediyo aka san shi. Tun yana saurayi rediyo ke maƙale a kunnensa, safe da rana da yamma. Ya san sunan shugabannin ƙasashen da wasu ba su ma san da ƙasashen ba. Idan gardama ta kaure a majalisar ƙofar masallaci, a kan yaƙi ko zaɓe ko ganin wata, sai a ce a jira Ila. In ya zo ya faɗa, magana ta ƙare. Kuma a gaskiya ba ya ƙari, abin da ya ji shi yake faɗa.

Matsalar ta fara ne ranar da ɗansa ya aiko masa da babbar waya. Baba Ila ba ya karanta boko sosai, amma ya gano ana turo murya a saurara. Sai ya ɗauki wayar nan a matsayin ƙanwar rediyo. Akwati ne, mutum yana magana a ciki da Hausa mai kyau, to me ya rage? Duk amanar da ya ba rediyo shekara da shekaru, ya kwashe ta ya miƙa wa waya ba tare da ya rage ko kaɗan ba.

Rahila ta yi sallama a ƙofar ɗakinsa. Yana zaune a kan buzu, ƙafafunsa a miƙe, sun yi suntum har silifa ba ta shiga.

"Baba, barka da hutawa. Na ga magungunanka a shara."

"A'a, Malama, shigo. Zauna ki ji da kunnenki, don ku 'yan boko sai kun ji." Ya lalubo wayar, ya danna da babban yatsa.

Wata murya mai natsuwa ta cika ɗakin. Mai maganar ya yi sallama, ya yi salati, ya ce shi likita ne da ya daɗe yana aiki a ƙasar waje, kuma amana ce zai sauke. Ya rantse da Allah cewa ƙwayoyin hawan jini da na suga su ne ke cinye ƙodar mutane, likitoci sun sani suna ɓoyewa. Ya faɗi yadda za a dafa sassaƙe da kanwa. A ƙarshe ya ce duk wanda ya ji bai tura wa 'yan'uwansa ba, haƙƙinsu yana wuyansa.

"Baba, amma wannan mutumin..."

"Ya rantse, Malama. Kin ji ya rantse ko ba ki ji ba?"

"Na ji. Amma dubi ƙafarka."

"Ciwon ne ke fita. Haka ya ce za a gani." Ya yi mata murmushi irin wanda ake yi wa yaro. "Ke ɗiyata ce, na san tausayi ne. Tahi makaranta kada ki makara."

Ta fito ranta a ɓace. Haushin mai muryar take ji, da haushin kanta da ta yi makonni tana shaƙar warin kanwa ba ta buɗe baki ba. Ta kuma san ba ta da bakin ja da shi. A ce ta tsaya a gaban dattijo kamar Baba Ila ta ce an yaudare shi? Ko ɗan cikinsa ba zai iya ba. Da ta matsa, sai ya kafe, don girmansa ne za ta taɓa. Ta tsince magungunan daga shara, ta goge su da gefen zane, ta sa a jakarta ta tafi.

A makarantarsu akwai wani lokaci guda a mako da ake kira lokacin laburare. Laburaren kuwa wani ɗaki ne da aka tara karyayyun kujeru, da kanta ɗaya ta littattafan da gara ta riga ɗalibai karantawa. Sauran malamai sun ɗauki lokacin a matsayin hutu, wasu su sa yara shara, wasu su nemi a ba su shi su ƙarasa lissafi. Rahila ce ta riƙe shi ƙam ta hana. Ta sha gaya wa shugaban makaranta cewa yaran nan za su bar aji wata rana, amma ba za su bar jin magana ba har su mutu, don haka gara a koya musu yadda ake auna magana tun yanzu. A lokacin take koya musu neman bayani a littafi da jarida da waya, da tambayar wa ya faɗa, a ina ya samo, wa kuma ya san abin da za a je a tambaya. Yara har sun sa mata suna Malama Wa-Ya-Faɗa, ta sani, ko a jikinta.

A wannan makon ta ba 'yan aji uku aikin gida. Ta ce kowa ya roƙi iyayensa izini, a turo mata duk wani saƙon murya na magani da ke cikin wayoyin gidansu. Kafin ranar darasi wayarta ta cika har tana ƙin buɗewa. Ta zo da 'yar sifikar da take jin waƙoƙin coci da ita, ta ɗora a kan tebur.

"Ku buɗe kunnuwanku," ta ce. "Ba na son in ji wani ya ce gaskiya ne ko ƙarya ne. Ku gaya mini abin da kuka ji kawai."

Ta fara kunna na likitan ƙasar waje. Ta tambaye su sunansa, babu wanda ya sani. Ta tambayi sunan ƙasar da ya yi aiki, da asibitin, da ranar da ya yi maganar. Babu ko ɗaya a ciki. Ta kunna na biyu, wani da ya ce shi tsohon soja ne, yana gargaɗi a kan gishirin leda. Ta kunna na uku, wani mai maganin gargajiya da ya ce ya gaji sirrin daga kakansa.

Ba a kai tsakiyar na ukun ba wani yaro mai suna Nazifi ya fashe da dariya daga bayan aji.

"Malama, wallahi mutum ɗaya ne! Ji yadda yake jan hanci kafin ya rantse."

"Wa ya faɗa?" in ji ta.

"Ni na faɗa! A sake kunnawa a ji."

Aka sake. Ajin ya kaure da ihu. Jan hancin nan yana nan a duka ukun. Wata yarinya ta ce a saurara da kyau, akwai ƙarar injin markaɗe a bayan likitan, kuma ga ta nan a bayan sojan. Yara suka dinga dariya, wai ƙasar wajen ma ashe ana markaɗen kayan miya a ƙofar asibiti.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Jamila, jikar Baba Ila, wadda ke zaune a hannun kakanninta tun tana ƙarama, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabinta. Ita ce ke tace wa kakanta jiƙon nan kullum da safe. Can ta ɗaga hannu.

"Malama, ai mu ma a Islamiyya haka ake yi wa hadisi. Sai an ce wane ya ji daga wane, shi ma daga wane, har a kai asali. In aka samu wanda ba a san shi ba a tsakani, malaminmu ya ce ba a kafa hujja da shi."

Rahila ta ajiye allin da ke hannunta. "Me kuke kiran wannan?"

"Isnadi."

"To tashi ki rubuta mana shi a allo, ki koya mini. Yau ni ce ɗalibar."

Da aka tashi ta tsayar da Jamila a bakin laburare. Ta daɗe tana juya abin a ranta, don ba ta son ɗora wa yarinya kayan da manya suka kasa ɗauka. Amma ta san abu ɗaya game da gidan Bahaushe. Abin da ɗa ba ya iya faɗa wa uba, abin da mata ba ta iya faɗa wa miji, jika yana faɗa wa kaka a tsakiyar kasuwa a yi dariya. Wasan jika da kaka ƙofa ce da ba a rufe wa kowa, kuma a gidan nan Jamila kaɗai ke da ita.

"Ba cewa za ki yi ƙarya ne ba," in ji Rahila. "Tambayarsa za ki yi, kamar yadda muka yi a aji. Za ki iya?"

"In ya yi fushi fa, Malama?"

"Ina nan a bakin famfo. Ba inda za ni."

Bayan la'asar Baba Ila ya fito tsakar gida shan iska, yana dafa bango. Rahila ta baje wankin da ba ta yi niyyar yi ranar ba. Jamila ta zo ta zauna a gefen tabarmarsa, ta ɗauki wayarsa kamar mai wasa.

"Tsoho, wai kai ne kake cika baki ka fi kowa sanin duniya a unguwar nan?"

"Ke 'yar nema, mi kuma na yi miki? Ajiye mini waya."

"Tambaya ɗaya zan yi maka, in ka ci in ba ka goro. Likitan nan naka, ya sunansa?"

"Likita ne."

"Likita wa? Ɗan gidan wa?"

Baba Ila ya gyara zama. Ya ce ai sunan ba shi ne magani ba.

"To wa ya turo maka?"

"Yahya mai faci."

"Shi Yahya a bakin likitan ya ji?"

Da wani ne ya yi masa wannan tambayar da tuni ya kore shi. Amma jika ce, kuma Baba Ila mutum ne da bai taɓa yarda a ce ya faɗi magana marar tushe ba. Ya fizge wayar ya ce bari ya kunyata ta. Ya kira Yahya, ya sa a sifika don kowa ya ji. Yahya ya ce shi a guruf ɗin 'yan garinsu ya gani. Wa ya saka? Ya ce wata lamba ce dai, babu suna, shi ma bai san mai ita ba, ya ga an rantse ne ya tura.

Rahila ta tsame hannunta daga kumfa, ta goge, ta miƙa wa Jamila wayarta. Jamila ta kunna na sojan, sannan na mai maganin gargajiya.

Kunnen da ya shekara arba'in yana jin rediyo ba ya buƙatar a nuna masa jan hanci. Baba Ila yana gane mai karanta labarai daga gyaran muryarsa kawai. Tun kalma ta uku fuskarsa ta canza.

"Sake kunnawa," ya ce.

Ta sake. Ya saurara har ƙarshe, idonsa a ƙasa. Inna Tani ta fito daga kicin ta tsaya da ludayi a hannu.

"A rediyo," ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "ko yaro ne sai ya faɗi sunanshi, ya faɗi garin da yake. In ya yi kuskure gobe a fito a gyara. Wanga bai faɗi komi ba. Ni kuma ban tambaya ba."

Rahila ta zaci zancen ƙafarsa zai yi, ko ya nemi magungunansa. Sai ta ga ya ɗago, ido ya kaɗa ya yi ja.

"Malama, na tura ma Salisu, yaron motata."

Washegari Markus ya kai shi asibiti. Aka yi gwaje-gwaje, aka ba shi gado. Likitar da ta duba shi ba ta ɓoye musu ba. Ta ce dama shekaru da ciwon sun gajiyar da ƙodar, maganin ne ke tallafe da ita, to barin maganin da shan kanwa sun ƙarasa abin da ya rage, zuciyar ma ta kumbura. Za a yi abin da za a iya. Inna Tani ta fita baranda ta yi kuka. Rahila ta bi ta, ita ma ta yi nata, don ta san da ta tambayi warin tukunyar nan tun farko da wataƙila ba a zo nan ba.

Baba Ila kuwa bai tsaya jimami ba. Ya ce a ba shi wayarsa. Ya sa Jamila ta dinga duba masa duk wanda ya tura wa saƙon, yana kiransu ɗaya bayan ɗaya daga kan gadon. 'Yan majalisa, tsofaffin direbobi, surukinsa na Funtuwa, limamin masallacinsu. Maganarsa ɗaya ce: "Abin nan da na turo maka ba shi da asali. Ni na turo, ni na janye. In ka tura ma wani, ka bi shi." Wasu suka ce ko saurara ba su yi ba. Wasu suka ce ai sun saurara amma ba su daina shan magani ba. Nas ta zo ta ce ya huta, ya ce zai huta in ya gama.

Salisu ne ya gagara. Shi yaron motar Baba Ila ne tun yana ɗan saurayi, a hannunsa ya koyi tuƙi, shi ya yi masa aure. Yanzu ya manyanta, ya bar hanya, yana da ɗan shagon man juye a Kinkinau. Shi ma yana da hawan jini, har ya taɓa faɗuwa sau ɗaya bakinsa ya ɗan karkace. Ranar da saƙon ya zo masa daga wayar maigidansa, ranar ya ajiye ƙwayoyinsa. A rayuwarsa bai taɓa tambayar Baba Ila dalili ba.

"Maigida, Allah ya ba ka lafiya," in ji Salisu ta waya. "Ai dama an ce haka suke yi. In suka kwantar da mutum sai sun juya masa tunani. Ni maganarka ta farko na riƙe, lokacin da kake da lafiyarka."

"Salisu, ni ne fa Ila."

"Na sani, Maigida. Ka huta kawai."

Baba Ila ya kira shi ya fi a ƙirga, amsar ba ta canza ba. Ya aika masa ɗansa, Salisu ya karɓe shi da fura ya sallame shi da godiya. Da ya zo dubiya asibiti ma, a bakin ƙofa ya durƙusa ya gaishe shi cikin jama'a, ya sulale kafin a keɓe.

Da likitoci suka ga abin ya fi ƙarfinsu, shi kuma ya matsa a mai da shi ɗakinsa, sai aka sallame shi. Ya dawo gida ya rame daga sama, ya kumbura daga ƙasa, numfashi sai da tashin kafaɗa. Ranar Asabar da hantsi ya aika a kira masa Rahila.

"Malama, samo mani shatar mota. Kinkinau za ni."

"Haba Malam!" in ji Inna Tani. "Kai da ko bayi sai an riƙe ka?"

"To a riƙe ni."

Rahila ta dube shi. Ta san tafiyar nan za ta iya rage masa kwana. Ta kuma san in ta hana shi, da wannan nauyin zai tafi, kuma Salisu zai bi bayansa ba da daɗewa ba. Ta ɗaura ɗankwali ta fita titi.

Markus da direban tasin suka ɗauko shi suka sa a kujerar baya, Rahila ta zauna a gefensa da filo da gorar ruwa. Suka gangara cikin gari. A wajen Babbar Kasuwa cunkoso ya riƙe su, rana ta buɗe, masu tallan ruwa da masu tura baro suna ta gogar motar. Baba Ila ya jingina kai, ido a rufe, gumi na bin wuyansa. Ta zaci suma ya yi, sai ta ji ya ce, "Yaro, sauke ƙafarka daga kan kuloci, za ka ƙone shi. Wa ya koya maka tuƙi?" Direban ya yi dariya ya ce a yi haƙuri Baba. Suka ratsa Tudun Wada, suka shiga layukan Kinkinau masu kwazazzabai, kowane rami sai ta ji ya cije baki.

Salisu yana zaune a kan benci a ƙofar shagonsa, cikin jarkokin mai. Da ya hango wanda ke cikin motar sai ya miƙe zumbur, hularsa ta faɗi. Ya zo ya tsuguna a bakin ƙofar.

"Maigida! Inna lillahi! Me ya fito da kai? Da ka aiko ai da na zo."

"Na aika. Ka zo ka gudu." Baba Ila ya tattaro numfashi. Ya kama ƙafar wandonsa ya ja sama da ƙyar. "Duba nan. Danna da yatsanka."

"Maigida..."

"Danna na ce."

Salisu ya danna. Yatsan ya nutse, ya bar rami a ƙaurin, ramin ya ƙi cikowa.

"Tun kafin asibiti ta taɓa ni haka take. Malama shaida ce. To gaya mani, mai maganar nan, mi ne sunanshi?"

"Ban sani ba."

"A ina yake? Wa ya taɓa ganinshi?"

"Ai kai ka turo, Maigida."

"Ni na turo. Ni kuma Yahya ya turo mani, Yahya kuma iska ta turo mai. Jikata ce ta koya mani tambayar nan, a makarantar Malama ta koyo, ni da furfurata. Ban ji kunya ba, na koya."

Salisu ya sunkuyar da kai. "To, Maigida."

"Na san wannan to ɗin naka. Shi kake ce mani in na ce ka duba ruwan lagireto, ka tahi ka kwanta." Tari ya sarƙe shi, Rahila ta ba shi ruwa, ya ture gorar bayan kurɓi ɗaya. "Ji nan, Salisu. Ban zo in ce ka yarda da ni ba. Yarda da ni ce ta kawo mu nan. Kada ka yarda da Ilan farko, kada ka yarda da na yanzu. Tashi ka tahi inda masu abin suke, mai suna da fuska, wanda in ya cuce ka ka san ƙofar da za ka koma. A auna jininka a gabanka, ka ga lambar da idonka. Ka tambaye su duk abin da mutumin nan ya faɗa, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka yi ma kanka hukunci."

Hawaye ne kawai ke bin gefen bakin Salisu da ya karkace. Ya kama hannun maigidansa ya riƙe, har direba ya gaji ya kashe mota. Da za su tafi ya shiga shago ya ɗauko lemo mai sanyi ya ajiye a cinyar Rahila, ya ce a sauka lafiya. Bai ce zai je ba, bai ce ba zai je ba.

Baba Ila bai ƙara fita ba. Ya daina cin abinci sai ɗan kunu, barci ya yi masa yawa. Duk lokacin da ya farka, in Rahila ta leƙo daga makaranta, tambayarsa ɗaya: "Salisu ya bugo?" Sai ta ce bai bugo ba tukuna. Inna Tani ta ja ta gefe ta ce don Allah ta ce masa ya bugo mana, ransa ya kwanta. Rahila ta girgiza kai. Tana son tsohon nan kamar mahaifinta, amma ta ce ba za ta iya ba. Mutumin da ya ratsa gari a wannan halin don ya janye maganar da ba ta da asali, ba ita za ta raka shi da wata ba.

Ranar wata Talata da hantsi tana cikin aji Markus ya kira ta. Ta fita baranda ta amsa, ta dawo ta ce wa Jamila ta ɗauko jakarta. Kafin su iso an rufe shi da farin zane. Inna Tani ta ce ya samu kalmar shahada, ya tafi a hankali kamar mai gyangyaɗi. Bayan azahar aka kai shi.

Unguwar Shanu ta cika. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida har bakin kwata, tsofaffin direbobi suka zo daga tasha-tasha, 'yan majalisa suka zauna jugum babu mai raba musu gardama. Rahila ta ɗauki hutu, ta buɗe ɗakinta ga mata baƙi, tana ta dafa abinci da ɗiban ruwa, don in ta zauna kuka take yi. Ta hangi Salisu tun ranar farko, a can ƙarshen tabarma, ba ya magana da kowa. Ba ta je wurinsa ba. Tana jin haushinsa, tana kuma jin tsoron abin da zai ce in ta tambaya.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha mutane sun fara raguwa, ta fito zaure da kular ruwa. Sai ta tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, takalmansa a hannu.

"Malama, sannu da aiki. Ya haƙuri?"

"Da godiya. Ya namu haƙurin?"

"Sai godiyar Allah." Ya nuna kular. "A taimaka mini da ruwa, in babu damuwa."

Ta ɗebo a kofin silba ta miƙa masa. Ya ajiye takalman, ya tsuguna a gefen zauren. Ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wata 'yar farar leda irin ta asibiti, sabuwa, an zana mata layuka da biro. Ya ɓallo ƙwaya ɗaya da farcen babban yatsa. Ya yi bismilla, ya jefa a baki, ya bi da ruwa har ya shanye kofin.

Rahila ta tsaya riƙe da murfin kular. Salisu ya naɗe ledar a hankali, ya mai da ita aljihu, ya danna bakin aljihun da tafin hannu. Sannan ya miƙo mata kofin da hannu biyu.